Kira ga Hukumomi: A Riƙa Duba Cikin Kwamfuta Kafin a Biya Ɗan Kwangila

Zuwa ga masu girma Shugaban Hukumar Bunƙasa Fasahar Sadarwa ta Ƙasa, NITDA, da Shugaban Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki, SON, da Shugaban Hukumar Kula da Sayen Kayan Gwamnati, BPP, da kwamishinonin ilimi na jihohinmu.



 Ni malamin kwamfuta ne a wata makaranta, da yamma kuma nakan zauna a ɗan shagon gyara don a samu na cefane. Na ɗauki alƙalami ne a kan wani abu da ba ya cikin takardun kwangila, ba ya kuma cikin jawabin ranar buɗe ɗakin kwamfuta, alhali shi ne ke yanke hukuncin ko kwamfutar da gwamnati ta saya za ta yi shekara biyar tana aiki ko kuwa za ta koma sito ta sha ƙura kafin zangon karatu ya ƙare.

Bari in fara da abin da na gani da idona. An taɓa kawo mana kwamfutocin tafi-da-gidanka a makaranta. Mota ta tsaya, aka sauke kwalaye, jami'in sito ya ƙirga ya ga adadi ya cika. Aka farke kwali ɗaya, aka danna maɓalli, tambarin kamfani ya haska a allo, aka yi tafi, aka ɗauki hoto, aka sa hannu. Iyakar binciken da aka yi ke nan. Bayan 'yan makonni, ina tsakiyar koya wa yara yadda ake tsara wasiƙa, sai aka ɗauke wuta. Ban damu ba, don ai amfanin irin wannan kwamfutar ke nan, tana da batirinta. Kafin in ƙarasa bayanin da na faro, sai na ji wani yaro daga baya ya ce, "Malam, tawa ta mutu." Wata yarinya ta ce ita ma. Haka suka riƙa mutuwa bi da bi kamar kajin da mura ta shiga akurkinsu. Da dare na ɗauki guda ɗaya na tambaye ta labarin batirinta, ta kuwa ba ni amsa cikin minti ɗaya: abin da batirin ke iya ɗauka a yanzu bai kai rabin abin da aka ƙera shi da shi ba. Murfi sabo fil, leda ba a ɓare ba, batiri tsoho tukuf. Wannan amsar tana nan cikin kwamfutar tun ranar da aka yi tafi. Ba wanda ya tambaye ta ne kawai.

Ga yadda abin yake, in kun ba ni dama in ɗan yi bayani. A jikin babban allon cikin kowace kwamfuta, wanda masu gyara ke kira bod, akwai wani ɗan guntu da ke ɗauke da manhajar tushe. Ita ce a kasuwa ake ce wa BIOS, ko da yake sababbin kwamfutoci tsarin UEFI suke amfani da shi. Ita ke fara farkawa in an danna maɓalli, tun kafin Windows ko Linux su san gari ya waye. Kafin ta miƙa ragama, takan ajiye wasu jadawalai a cikin ma'adanar wucin gadi, kamar yadda mai gida ke barin wa ɗan haya bayani: ga inda makunnin wuta yake, ga famfon da ke yoyo, ga ƙofar da ba a buɗewa da ƙarfi. Jadawalan nan su ke gaya wa babbar manhaja, wato Windows ko Linux, yadda za ta tambayi batiri, da zafin da in an kai shi dole a kashe komai, da irin barcin da kwamfutar ta iya, da abin da za a yi in an rufe murfi. Sunan tsarin ACPI. Kamfanonin Intel da Microsoft da Toshiba suka fito da shi a watan Disamba na 1996, ya gaji wani tsohon tsari mai suna APM wanda a cikinsa BIOS ce ke riƙe da harkar wuta. Tun 2013 kulawa da shi ta koma hannun ƙungiyar UEFI Forum, kuma kundin ƙa'idojinsa yana intanet, kowa na iya saukewa kyauta.

Jadawalan suna da tsari irin na zuri'a. Akwai wata alama da babbar manhaja ke fara nema, ita ke nuna mata jadawalin XSDT, shi kuma yana ɗauke da adireshin sauran. Daga cikinsu akwai FADT, wanda ke nuna inda babban yayansu DSDT yake, sai ƙannensa masu suna SSDT. Kusan kowane jadawali yana farawa da kai mai bayit 36, inda aka rubuta sunansa da tsawonsa da sunan kamfanin da ya yi shi cikin haruffa shida, da wata lambar tantancewa da ke tona asiri in an taɓa ko da bayit ɗaya ba a gyara lissafi ba. Wurin sunan kamfanin nan yana da daɗin dubawa. Sau da yawa za ka ga suna mai ƙyalli a murfi, ka leƙa ciki ka tarar an rubuta ALASKA, wato sunan da manhajar tushe ta kamfanin AMI ke zuwa da shi in wanda ya haɗa kwamfutar bai damu ya sauya ba. Wannan shi kaɗai ba laifi ba ne, akwai alluna masu nagarta da ke ɗauke da shi. Amma in takardar kwangila ta ambaci wani babban kamfani, cikin kwamfuta kuma bai san da zaman wannan kamfanin ba, ai akwai tambayar da ya kamata ɗan kwangila ya amsa kafin a ba shi cak.

DSDT, kamar ƙannensa SSDT, ya bambanta da sauran, don shi ba jerin lambobi kawai ba ne. Manhaja ce sukutum da aka rubuta da wani harshe mai suna ASL aka dunƙule ta zuwa AML, kuma babbar manhaja tana aiwatar da ita da cikakken iko, ba tare da mai kwamfuta ya sani ba. Injiniyoyi ne suka rubuta ta, sau da yawa cikin gaggawar fitar da kaya kasuwa, kuma ɗan Adam ajizi ne. In suka yi kuskure, kwamfuta za ta ƙi farkawa daga barci, ko ta nuna batiri cike alhali ya kusa ƙarewa, ko ta mutu haka kawai. Mu kuma a nan sai mu ce bayiros ne, a goge komai a sake zuba Windows, a karɓi kuɗin mutum, gobe ya dawo da ciwon da ya tafi da shi.

Ranku ya daɗe, wannan al'amari ya fi damunmu fiye da yadda yake damun mutanen Amurka ko Jamus. Can wuta ba ta cika ɗaukewa ba, ofisoshinsu da sanyi, batiri a wurinsu abin jin daɗin tafiya ne. A nan batiri shi ne rabin kwamfuta. Malamin da ke ƙauye yana cajin tasa a shagon mai janareto ya koma gida da abin da ya samu. Ga kuma zafi. A watan Afrilu, Kano da Sakkwato da Maiduguri suna haura digiri 40, ajin da ke da rufin kwano kuma ba fanka ya fi haka, batirin lithiyam kuwa zafi ke tsufar da shi da wuri. Don haka lambobin da wani zai ɗauka ƙawa ce, mu a wurinmu su ne cinikin.

A cikin jadawalan akwai hanyar tambayar batiri mai suna _BIF, da sabuwarta _BIX. Su ke kawo ƙarfin da aka ƙera batirin da shi, da ƙarfin da ya ɗauka a cikarsa ta ƙarshe, sabuwar har takan faɗi sau nawa aka yi masa caji ya ƙare. Ba sai mutum ya zama injiniya zai ga wannan ba. A Windows, umarni ɗaya ne, powercfg /batteryreport, sai rahoto ya fito. A raba lamba ta biyu da ta farko, an san shekarun batiri kamar yadda dillalin shanu na Wudil ke buɗe bakin sa ya dubi haƙora. Ba zan ɓoye muku ba, ana iya yin maguɗi, don lambobin daga ɗan guntun da ke jikin batirin suke fitowa, kuma akwai masu sake saita shi. Maganin wannan kuwa sauƙi gare shi: a cika batiri, a zare caja, a kunna bidiyo, a dubi agogo. In jadawali ya ce sabo agogo ya ce tsoho, agogo za a gaskata.

Zafi ma yana da nasa sashen. Ana rubuta shi da wani ma'auni da ke rikita baƙo, wato kashi ɗaya bisa goma na digirin Kelbin, ta yadda 3732 ke nufin digiri 100 a ma'aunin da muka saba. Akwai matakin da in an kai shi za a rage gudun furosesa don ta huce, akwai kuma na ƙarshe mai suna _CRT wanda in an taɓa shi babbar manhaja za ta kashe kwamfutar nan take, ko da ɗalibi yana tsakiyar amsa tambaya ta talatin. A kwamfutoci da yawa fankar tana hannun wani ɗan guntu dabam, don haka jadawali ba zai faɗi komai da komai ba. Amma zai faɗi inda iyaka take, sauran kuma gwaji ne: a ɗora wa kwamfutar aiki mai nauyi na awa ɗaya a ɗakin da ba na'urar sanyaya iska, irin ɗakin da za ta zauna a cikinsa, a ga ko za ta jure. Tun da JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta a 2015, makomar yaro ta rataya a kan irin wannan ƙaramin abu, ko a cibiyar jarrabawa ko a ajin da yake koyon riƙe linzami.

Sai batun barci, wanda na fi shan tambaya a kansa a shago. Tsarin ya jera matakai daga S0, wato kwamfuta tana aiki, zuwa S5, wato a kashe. A S3 komai na kwance sai ma'adanar wucin gadi da ake ɗiga wa 'yar wuta, kwamfuta na iya kwanaki a haka. A S4 ana kwashe aikin a rubuta a rumbun ajiya a kashe wuta baki ɗaya. Sababbin kwamfutoci da yawa sun bar S3 sun koma wani barcin zomo, inda na'urar ke nan a kunne tana rage shan wuta kawai. In masu ƙira sun daidaita shi, lafiya lau. In ba su daidaita ba, sai ma'aikaci ya rufe murfi da batiri cike, ya sa a jaka, ya hau Adaidaita, ya isa gida ya tarar jaka ta yi ɗumi kamar an sa burodi, batiri ya tafi, unguwa kuma ba wuta. Alama ɗaya ce a cikin FADT ke nuna kwamfutar tana da wannan sabon barcin, umarnin powercfg /a kuma yana lissafo irin barcin da ta iya cikin daƙiƙa biyu.

Yanzu ga wanda ya fi tayar mini da hankali, kuma ina roƙon NITDA ta saurara da kyau. Tun zamanin Windows 8 akwai wani jadawali mai suna WPBT. Aikinsa shi ne ya ba manhajar tushe dama ta miƙa wa Windows wani shiri, Windows kuma ta aiwatar da shi duk lokacin da aka kunna. An yi shi da niyyar alheri, misali don manhajar gano kwamfutar da aka sace ta tsira ko ɓarawo ya goge rumbu. To amma ƙofar da mai gida ke shiga, ita ɓarawo ke nema. A 2015 aka gano kamfanin Lenovo yana amfani da irin wannan hanya yana dasa manhajarsa a wasu kwamfutocinsa ko da mutum ya goge komai ya zuba sabuwar Windows, aka kuma samu rauni a manhajar, har kamfanin ya fitar da gyaran BIOS da ya cire ta. A 2023 masu binciken tsaro na kamfanin Eclypsium suka bayyana cewa ɗaruruwan nau'o'in allunan Gigabyte suna dasa wani shiri da ke sauko da manhaja daga intanet ta hanyar da ba ta da cikakken tsaro. Waɗannan manyan kamfanoni ne da duniya ta sa wa ido, shi ya sa aka gani aka gyara. Kwamfutar da za a ajiye a ofishin biyan albashi, ko inda ake adana sakamakon jarrabawa ko bayanan marasa lafiya, wa ya taɓa dubawa ko tana da wannan jadawalin, da abin da ke cikinsa? Goge rumbu ba ya taɓa shi. Sai an leƙa.

Akwai wasu biyu da suka shafi aljihun gwamnati kai tsaye. Jadawalin MSDM yana ɗauke da lambar lasisin Windows da masana'anta ta dasa. In ɗan kwangila ya sa kuɗin lasisi a lissafinsa, a nan za a fara dubawa, a ga ko akwai, kuma wane iri ne. Jadawalin TPM2 kuma yana nuna kwamfutar tana da guntun tsaron da Windows 11 ta sharɗanta. Microsoft ta sa 14 ga Oktoba, 2025 a matsayin ranar daina tallafa wa Windows 10, kuma duk wanda ya san Computer Village a Ikeja ko titin Beirut a Kano ya san inda kwamfutocin da Turai ta yar ke ƙarewa. Ni ba na ƙin kayan hannu. Da su yawancinmu muka koyi aiki, wani tsohon ma ya fi sabon ƙarko. Abin da nake ƙi shi ne a sayar wa gwamnati na hannu a farashin sabo.

Wani ɗan tsokaci ga masu cewa a mayar da makarantu kan Linux don a huta da kuɗin lasisi, shawarar da nake goyon baya. A cikin DSDT akwai tambayar da manhajar tushe ke yi wa babbar manhaja, mai suna _OSI, wato "ke wace ce?" Saboda yawancin kamfanoni da Windows kaɗai suke gwada kayansu, Linux ta daɗe da koyon amsawa da cewa ita ma Windows ce, don kada a tura ta hanyar da ba wanda ya taɓa bi. Duk da wannan dabara, akan samu kwamfutar da hasken allonta ko barcinta ke ƙin aiki. Duk jihar da ke da wannan niyya, ta gwada samfuri ɗaya tukuna kafin ta yi odar dubu.

Kayan aikin binciken nan duk kyauta ne. Akwai acpidump da ke kwafo jadawalan, da iasl na Intel da ke warware su su koma rubutun da mutum zai iya karantawa, ya kuma nuna kurakurai in an sake dunƙule su. Akwai fwts, wanda kamfanin Canonical mai Ubuntu ya samar don gwada manhajar tushe, ana ɗora shi a filasha a tayar da kwamfuta da shi ba tare da an taɓa abin da ke rumbunta ba, ya fitar da rahoto mai nuna kuskure babba da ƙarami. Ba kowane kuskure ne abin tayar da jijiyar wuya ba, da wuya a samu kwamfutar da za ta fito fes, shi ya sa ake buƙatar mai fassara rahoton da hankali. Amma ɗalibin kwalejin kimiyya da fasaha mai ƙwazo zai koyi wannan cikin 'yan makonni.

Saboda haka, ranku ya daɗe, roƙona ga BPP shi ne ta sa wannan cikin sharuɗɗan kwangilar sayen kwamfuta. Dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 ta riga ta ɗora muku tabbatar da cewa kuɗin jama'a ya sayi abin da ya kai darajarsa, ƙirga kwali kuwa cinikin biri a sama ne. A ce ba za a biya kuɗin ƙarshe ba sai an zaɓi wasu daga cikin kayan, jami'in gwamnati ne zai zaɓa da hannunsa ba ɗan kwangila ba, an fitar da rahoton batiri da na manhajar tushe, an yi gwajin agogo da na zafi, an liƙa sakamakon a fayil. A kuma rubuta cewa mai kawo kaya zai nuna inda ake samun sabunta BIOS na wannan samfurin da tsawon shekarun da za a ci gaba da samu. Wannan sharaɗin ya hau kan kamfanonin da ke haɗa kwamfuta a cikin gida kamar yadda ya hau kan na waje. Muna son a sayi namu, amma namun ma ya san za a duba.

NITDA kuma ita ta fi cancanta ta rubuta ƙa'idar binciken, shafi biyu ko uku, da Turanci da Hausa da sauran harsunanmu, ta ajiye kwafin jadawalan kowane samfuri da gwamnati ta saya, don in an kawo kashi na biyu a gwada a ga ko an sauya ciki an bar murfi. Sai dai a cire MSDM kafin a adana ko a aika wa wani, don lambar lasisi ce a fili, duk wanda ya gani ya samu. Tun da ana horar da matasa a shirin 3MTT, a ware wa wannan fanni gurbi. Kowa na rububin koyon ƙirƙirar manhajar waya, ƙasan kwamfuta kuwa an bar shi ba mai leƙawa. SON kuma, da ke tantance kayan da ke shigowa ƙasa, ta dubi batiran canji da suka cika kasuwa, waɗanda abin da aka rubuta a jikinsu dabam, abin da suke ɗauka dabam.

Ina da gargaɗi ɗaya, kada kirana ya jawo gyaran gangar Auzinawa. Karanta jadawali ba ya ɓata komai. Sauya shi kuwa, ko sake zuba BIOS, wani abu ne dabam. Na ga allon da ya mutu murus saboda an ɗauke wuta ana tsakiyar zuba masa BIOS, mai shi yana tsaye yana kallo. A bar wannan ga wanda ya ƙware, da batiri cike ko na'urar riƙe wuta a gefe. Abin da nake roƙo a wajabta shi ne dubawa. In an ga aibi, a mayar wa mai kaya kayansa ya gyara da kuɗinsa.

Kwamfutocin nan da na ba ku labari suna nan a sitonmu. Waɗanda ke tashi sai an jona su da wuta kamar talabijin, ranar da ba wuta kuma a allo nake zana wa yara linzami da alli. Ɗan kwangila ya karɓi kuɗinsa tuntuni, kuma a takarda bai yi laifin komai ba, don an ce ya kawo adadi kaza ya kuma kawo. Ina roƙonku, don Allah, kafin a sa hannu a kan kwangila ta gaba, a ƙara wannan sharaɗin, a kuma ba mu dama mu malaman da za mu yi aiki da kayan mu kasance a wurin ranar da za a buɗe kwali.





Naku mai biyayya,
Wani malamin kwamfuta daga Kano.